Ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya bayan tiyatar zuciya: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na waɗanda aka buɗe wa ƙirji aka yi musu aikin zuciya ne, a nan gida Najeriya ko a Indiya, Masar ko Sudan, suka dawo Zariya suna jinya, da kuma masu kula da su. Abin da likitan da ya yi maka aiki ya rubuta a takardar sallama yana gaba da duk abin da ke nan, domin shi ya ga cikin ƙirjinka.

An ce aikin ya yi kyau. To me ya sa har yanzu ƙirjina ke ciwo?

Domin a irin wannan aiki ba a kai wa ga zuciya sai an bi ta ƙashi. Ana tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji da zarto daga sama har ƙasa, a sa wani ƙarfe ya buɗa shi ya riƙe na tsawon sa'o'i. In an gama a haɗa shi a ɗaure da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, galibi 6 zuwa 8. Karaya ce aka yi da gangan, kuma a wurin da ba a iya sa wa filasta ko karan ɗori, domin yana motsi da kowane numfashi, kusan sau 20,000 a kwana ɗaya.

Ba ƙashin kaɗai ya sha wuya ba. Inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin tsakiya guringuntsi ne, buɗawar nan tana tanƙwara shi, wani lokaci har haƙarƙarin sama ya tsage. Naman baya da ke tsakanin allunan kafaɗu yana matsuwa, shi ya sa wasu ke cewa bayansu ya fi gabansu ciwo. An yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata. Ga kuma ramuka biyu ko uku a ƙasan ɗinkin, inda robobin tsotse jini da ruwa suka fita. Kowanne da irin ciwonsa da lokacin warkewarsa, kuma a mafi yawan lokuta zuciyar da aka gyara ba ta cikin masu laifi.

Har yaushe zan yi ta fama?

Fata takan haɗe cikin mako 2 zuwa 3. Ƙashi yana son mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, wata 3 kafin ya yi ƙwari. Mai ciwon suga, mai shan taba, dattijo, da wanda ba ya samun abinci mai gina jiki sukan wuce haka. Jijiyoyi su ne 'yan baya: wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye.

Ciwon da ya zarce wata 3 shi ake kira mai daɗewa, kuma ba baƙon abu ba ne. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana jin wani abu a ƙirji a watanni shidan farko, adadin kuma yana raguwa da tafiyar lokaci. Abin lura shi ne inda ciwon ya dosa. Kwatanta wannan Juma'ar da wadda ta wuce, kada ka kwatanta yau da jiya, domin rana ɗaya ta 'yan dubiya da yawan zama tana iya dagula lissafi. Sau da yawa ciwo kan ɗan taso bayan an dawo gida, lokacin da aka janye magani mai ƙarfi mutum kuma ya fara zirga-zirga. Wanda ke ƙaruwa mako bayan mako shi ne ba a zama da shi.

Yaya zan gane ciwon ƙashi ne ko na zuciyar kanta?

Na ƙashi da nama kana iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya. In ka danna ya ƙaru. Juyi, miƙa hannu, tari da dogon numfashi duk suna canza shi. Suka ce ko tsami, kuma gyara zama ko paracetamol na rage shi.

Na zuciya nauyi ne da matsi, kamar an ɗora maka buhu. Mai shi ba ya nuna shi da yatsa, sai dai ya dafa tafin hannu ko ya dunƙule hannu a tsakiyar ƙirji. Yana tasowa in ka yi sauri, ko ka hau bene, ko ranka ya ɓaci, ya lafa bayan 'yan mintuna in ka tsaya. Yana iya bin hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, da gumi, haki ko tashin zuciya. Dannawa ba ta ƙara shi ba ta rage shi. In kana da irinsa kafin aiki kuma ya dawo da kamanninsa, kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa asibiti.

Akwai na uku da ake yawan mantawa: kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya, wanda kan taso daga mako 1 zuwa 6 bayan aiki. Suka ce mai kaifi, tana tsananta in ka kwanta rigingine ko ka ja numfashi, ta yi sauƙi in ka zauna ka sunkuya gaba, sau da yawa tare da ɗan zazzaɓi da kasala. Yana jin magani, galibi colchicine da wani maganin kumburi da likita zai zaɓa. Sai dai dole a yi hoton zuciya na eko, domin ruwa na iya taruwa a cikin tantanin ya matse zuciyar, kuma mai shan warfarin, wato maganin tsinka jini, ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Waɗannan alamu jagora ne kawai. Masu ciwon suga, mata da dattawa, ciwon zuciyarsu kan zo da haki da gajiya ba tare da nauyin ƙirji ba. In kana kokwanto, awon bugun zuciya na ECG ba ya cin minti 10.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su?

Nauyin ƙirji da ya wuce minti 10 bai saki ba. Haki kana zaune, ko kasa kwanciya sai an tara maka matasai. Suma ko jiri mai ƙarfi. Bugun zuciya da ya yi sauri ya rikice ya ƙi daidaita. Tari da jini. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Karkacewar baki, sarƙewar magana ko mutuwar ɓarin jiki. A wurin ɗinki kuwa: ja da ke faɗaɗa, ɗumi, kumburi, ruwa ko mugunya, ko bakin ɗinki ya buɗe. Ƙarin nauyin jiki na kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa.

Zazzaɓi ya cancanci a tsaya a kansa. A Zariya, musamman da damina, duk zazzaɓi maleriya ne a bakin mutane. Ga wanda aka buɗe wa ƙirji, in ma'aunin zafi ya kai 38, a yi gwajin maleriya, amma ko ya nuna akwai ta, a duba ɗinkin a saurari zuciya. Cutar da ta shiga ƙarƙashin ƙashi tana iya fara wa da zazzaɓi da ƙaruwar ciwo tun fata ba ta nuna komai ba. Mai sabon bawul, wato ƙofar cikin zuciya da ke hana jini komawa baya, kada ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin a ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaji, domin ƙwaya biyu na iya ɓoye cutar daga gwaji ba tare da sun kashe ta ba.

Wurin zuwa shi ne sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In hali ya yi tsanani kuma Shika ta yi nisa, kamar ga mazauna cikin birni, a fara da asibiti mafi kusa, irin su Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, su duba su tura. Mara lafiya kada ya tuƙa kansa.

Ina jin ƙas-ƙas a ƙirji in na juya. Wayar ce ta tsinke?

Ɗan ƙas jefi-jefi a makonnin farko, ba ciwo ba ruwa, yana kuma raguwa, yawanci guringuntsi ne. Ka faɗa wa likita duk da haka. Wanda ke zuwa da kowane tari ko juyi, har kana jin ɓangarorin ƙashin biyu na goga juna, alama ce ƙashin bai kama ba, ko waya ta yanka cikinsa. Ɗora yatsu a gefe biyu na ɗinkin ka yi ɗan tari: in ɓangare ɗaya ya motsa ya bar ɗaya, a gan ka cikin kwana ɗaya ko biyu, in da ruwa ko zazzaɓi kuwa a ranar. Ƙarar bawul ɗin ƙarfe daban ce, tana tafiya daidai da bugun zuciya, ita ce ma shaidar yana aiki.

Gefen hagu na ƙirjina yana zafi kamar wuta, ko riga ba na so ta taɓa, amma in na tsunkuli wurin ba na ji. Mene ne wannan?

Ciwon jijiya ke nan, kuma ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa sabuwar hanyar jini. Akan ɓanɓaro wata jijiyar jini daga bayan bangon ƙirji na hagu a dasa ta a zuciya, a garin haka jijiyoyin ji na tsakanin haƙarƙari su taɓu. Jijiyar da ke farfaɗowa tana aika saƙon ƙarya: raɗaɗi, tsira, ƙaiƙayi, fizga irin ta lantarki.

Ɓoye wurin daga taɓawa yana ƙara masa saurin jin zafi. In fata ta warke sarai, shafa wurin da auduga ko ƙyalle mai laushi minti 3 zuwa 5, sau 2 ko 3 a rana. Bayan mako ɗaya ko biyu ka koma tawul, sannan tafin hannu da ɗan dannawa. Sa singileti mai laushi a ƙarƙashin kaya. Shadda mai sitaci da aikin wuyan riga suna sauka daidai kan tabon.

Paracetamol ba ya yi wa wannan ciwo abin kirki. Magungunansa su ne gabapentin, pregabalin ko amitriptyline, ana farawa da kaɗan da dare, sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a yanke hukunci ko suna aiki. Biyun farko ana auna su da ƙarfin ƙoda, na ukun yana iya rikita bugun zuciya, don haka likitan zuciya ne zai zaɓa, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Sagewar ƙaramin yatsa da na kusa da shi ita ma daga buɗa ƙirji take, yawanci tana wucewa cikin wata 2 zuwa 3.

Wane maganin ciwo zan sha, wanne zan guje wa?

Paracetamol shi ne ginshiƙi: ƙwaya 2 masu miligiram 500, kowane awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, likita zai rage masa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dauriya, a jira sai ciwo ya yi tsanani. A makonnin farko shan sa kan lokaci ya fi, musamman rabin awa kafin tattaki da kafin kwanciya, domin wanda ke jin ciwo ba ya cika huhunsa da iska, ba ya tari yadda ya kamata, majina ta kwanta ta zama ciwon huhu. A duba magungunan mura, da yawansu akwai paracetamol a ciki, a sa su cikin lissafi.

Abin gudu shi ne dangin ibuprofen, diclofenac da piroxicam, ƙwaya ko allura, sai in likitan zuciya ne ya rubuta da hannunsa. Suna tara ruwa a jiki, suna ɗaga hawan jini, suna wahalar da ƙoda, suna cin bangon ciki. In suka haɗu da warfarin, aspirin ko clopidogrel sai zubar jini, wadda kan bayyana da baƙin bayan gida ko aman jini. Suna ɓuya a wuraren da ba a zata ba: Ibucap akwai ibuprofen, garin Alabukun aspirin ne mai yawa, haɗin ciwon jiki da ake ƙulla wa a leda kuwa babu mai ce maka ga abin da ke ciki.

Mai bawul ɗin ƙarfe ya sani ko paracetamol, in aka sha shi kullum na kwanaki, yana iya ɗaga awon INR, wato gwajin da ke nuna yadda warfarin ya tsinka jini. Ba hani ba ne, dalili ne na matso da ranar gwaji. Abin da akan nema shi ne 2 zuwa 3 ga bawul ɗin babbar jijiya, 2.5 zuwa 3.5 ga na mitral, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, sai dai in likitanka ya sa maka wani adadi.

Tramadol da codeine na 'yan kwanaki ne, da takardar likita. Suna kama mutum, kuma suna ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuwa yana matsa ƙashin ƙirji fiye da yadda ake zato. A sha ruwa gwargwadon abin da aka yarje, a ci gwanda da ganye, in ya ƙi a nemi maganin sassauta ciki.

Hajiyarmu ta ce a gasa wurin a shafa man zafi, wani kuma ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Ya halatta?

Tawul mai ɗumi a baya da kafaɗu, minti 15, yana sassauta nama, babu laifi. A kan ɗinki ko inda fata ta sage kuwa a'a: wurin ba ya jin zafi, sai ya ƙone mai shi bai sani ba. Man zafi a karanta jikin kwalbar, in akwai methyl salicylate fata na tsotse shi, yana kuma ƙara wa warfarin ƙarfi.

Ƙaho, tsaga da sakiya babu su ko kaɗan. Mai shan maganin tsinka jini jininsa ba ya tsayawa da wuri, kuma duk ƙofar da aka buɗe a fata hanya ce da ƙwayar cuta za ta bi ta sauka kan waya ko bawul. Maɗori ma kada ya taɓa: an riga an ɗora wannan ƙashi daga ciki, ja da matsa sai dai su kwance shi. Jiƙo da sassaƙe ba a san yadda za su yi da warfarin ba. A yi wa Hajiya bayani da ladabi, a ba ta aikin da zai yi amfani, wato girkin wake, ƙwai, kifi, awara da nono, ba gishiri da dunƙule da yawa. Zogale, alayyahu, rama da miyar kuka ba a hana ba, amma suna rage ƙarfin warfarin, saboda haka a riƙe ma'auni ɗaya, kada a ƙaurace musu wata guda sannan a cika kwano.

Tari da atishawa su ne azabata, ga hunturu ya shigo.

Rungume ƙaramin matashi ko naɗaɗɗen tawul a ƙirji, hannuwa a gicciye, gwiwar hannu manne da jiki, sannan ka yi tarin. Ajiye ɗaya a ɗaki ɗaya a mota. In atishawa ta zo ba shiri, rungume kanka. Kada ka danne tari. Kowace awa ka ja dogon numfashi sau 10 a hankali, ka riƙe daƙiƙa 3, da na'urar jan numfashi mai ƙwallaye in an ba ka ita.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa takunkumi in za ka fita, a yayyafa ruwa kafin shara, a nisanta ka da hayaƙin murhu, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Sanyi yana ƙara tsamin tabo, a rufe ƙirji da asuba. Busasshen tari mai naci ga mai shan lisinopril ko danginsa yana iya zama daga maganin ne. Akwai madadinsa, amma kada ka daina da kanka.

Yaya zan kwanta, yaya zan tashi?

Makonnin farko rigingine, da matasai biyu ko uku a baya. Bayan nan kwanciyar gefe da matashi a rungume, in jiki ya karɓa. Rub da ciki sai ƙashi ya warke. Wajen tashi: lanƙwasa gwiwoyi, mirgina gefe gaba ɗaya, sauke ƙafafu, bari nauyinsu ya ɗago ka, gwiwar hannu na taimakawa kaɗan. Katifa a ƙasa da tabarma su ne matsala, domin ba a tashi daga kansu sai an dogara da hannu. A nemi gado da kujera mai tsayi ko da na aro ne, a sa kujerar zama a masan tsugunno. Mai taimako ya tallafi bayanka, kada ya ja ka ta hannu.

Sallah fa?

Addini ya sauƙaƙa: wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kwance. Sujada kanta ba ita ce damuwa ba, sauka da tashi ne, inda ake ɗora nauyin jiki a kan tafukan hannu. Mako 6 zuwa 8 na farko yi a kan kujera. Daga nan gwada a gida, raka'a biyu, ka ga yadda ƙirji zai kwana. Wajen alwala zauna, ɗora ƙafa a kan ɗan kututture maimakon sunkuyawa. Cunkoson fita masallacin Juma'a a jinkirta shi, ko a tsaya gefe har a watse. Mai durƙuso a coci shi ma hukuncinsa ke nan. Batun azumi a tambayi likita tun kafin watan ya kama, domin maganin fitsari da na suga sai an sake musu lokaci.

An ce kada in ɗauki kaya mai nauyi. Nawa ne mai nauyi?

Abin da ya wuce kilo 5 a mako 6 zuwa 8 na farko. Wasu likitoci ma ƙasa da haka suke sa wa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lissafin ba wuya. Buta cike ta halatta. Jakar fiya wata kilo 10 ce, jarka 25, buhun taki ko siminti 50. Yaron shekara ɗaya ya kusa kilo 10: a ɗora miki shi a cinya kina zaune, amma ɗagawa da goyo su jira.

Ja da turawa sun fi ɗauka ɓarna, kuma su ne mutane ba sa lissafawa. Jan guga a rijiya, fizgar igiyar janareta, tura ƙofar get, ɗora babur a kan tsayuwarsa, riƙe rago da igiya. A wajen mata, daka, tuƙin tuwo, matse wanki, shara da gajeriyar tsintsiya, sauke tukunya daga murhu. Nan ne ake samun matsala, domin mace takan dawo daga asibiti ta ga gida ya hargitse, kunya ta hana ta zama. Maigida da dangi su tsara wanda zai karɓi waɗannan ayyuka na wata 2 tun kafin a sallamo ta. Tsintar shinkafa, yankan kayan miya da ninke kaya tana iya yi tun makon farko, kuma ya kamata ta yi.

Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa: hannu biyu tare, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, kaya kusa da jiki. Huɗa, sassabe, dako da gini sai bayan wata 3, kuma sai likita ya taɓa ƙashin ya tabbatar ya kama. Mai cikar ƙirji ta sa rigar mama mai laushi marar ƙarfe dare da rana a makonnin farko, domin nauyin yana jan ɗinkin gefe da gefe.

Zan iya hawa acaɓa ko in tuƙa mota?

Tuƙi sai bayan mako 6, kuma ba kana kan maganin da ke sa barci ba. A mota ɗaura bel, ka sa ninkakken tawul tsakaninsa da tabon. Keke Napep ya fi acaɓa, da matashi a rungume, a ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Acaɓa a bar shi wata 3: riƙon da ake yi da hannu ɗaya a baya yana murɗa ƙirji, faɗuwa kuma ga mai shan warfarin tana iya zama zubar jini a kai ko da hular kwano. Tafiyar Kano, Kaduna ko Abuja a riƙa tsayawa kowace awa ɗaya ko biyu a taka ƙasa.

Baba ya ƙi motsi, ya ce hutu ne magani. Mu ƙyale shi?

A'a. Zama wuri ɗaya yana sandarar da kafaɗa, yana ranƙwafar da baya, yana daskarar da jini a ƙafa, ciwon kuma ya daɗe. Ya fara da tattakin minti 5 sau 3 ko 4 a rana a tsakar gida, ana ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan kwana biyu, har ya kai rabin awa a wajen mako na 6. Ma'auni shi ne ya iya hira yana tafe. Da bazara a fita bayan asuba ko bayan la'asar. Safe da yamma ya juya kafaɗu, ya ɗaga hannu biyu tare zuwa inda ciwo ya fara, sau 10, ya tsaya nan. A nemi likita ya tura shi sashen gashin ƙashi na Shika su tsara masa motsa jiki daidai da shi.

Sau da yawa ba taurin kai ba ne, tsoro ne: yana jin kowace suka kamar zuciyar ce za ta tsaya. Ƙuncin rai, rashin barci da saurin fushi sun zama ruwan dare bayan wannan aiki, kuma suna ƙara wa ciwo kaifi. A raka shi tattakin, a taƙaita 'yan dubiya zuwa lokaci ɗaya a rana. In ƙuncin ya wuce mako 2, ba ci ba walwala, a faɗa wa likita, yana da magani.

Tabon ya yi tudu, yana ƙaiƙayi da zafi.

Tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da tabo ya fi yin tudu, baƙar fata kuma ta fi saurin yin sa. Ƙullutun da ke saman ɗinki a makonnin farko yakan baje da kansa. In fata ta warke, wajen mako na 6, murza tabon da yatsa a zagaye minti 5 sau biyu a rana da man kaɗanya ko basilin. Man silikon ko faifansa yana taimakawa in an dage wata 2 zuwa 3. Wanda ya haura iyakar yankan yana ci gaba da girma, ana yi masa allurar triamcinolone a cikin tabon, kusan wata-wata. Yanke shi kawai yakan sa ya dawo ya fi da. Man bilicin da sosawa da farce a bar su.

Za a cire wayoyin nan?

Yawanci a'a, da su ake zama har ƙarshen rayuwa. Ba sa tsatsa, ba sa hana hoton MRI, sai dai a sanar da masu ɗauka, musamman in akwai batirin zuciya. Siririn mutum yana iya jin kan waya a ƙarƙashin fata. In ciwon a wuri ɗaya yake, daidai kan waya, hoto kuma ya nuna ƙashi ya haɗe, ana cire ta da ƙaramin aiki, da yawa suna samun sauƙi. Ciwon da ya bazu ko'ina cire waya ba ta cika raba mutum da shi ba.

Akwai tambayar da nake jin nauyin yi wa likita, game da iyali.

Galibi bayan mako 6 zuwa 8, in kana hawa bene hawa biyu ba haki ba nauyin ƙirji. A zaɓi yanayin da ba a dogara da hannu, ba a kuma ɗora nauyi a ƙirji. Maganin ƙarfin maza bai haɗuwa da magungunan zuciya na dangin nitrate, jini na iya faɗuwa warwas. Na gargajiya ma ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Mace mai shan warfarin ta yi maganar tazarar haihuwa da likita tun yanzu, domin maganin yana illa ga ɗan tayi a farkon ciki.

Wata 6 ke nan, a waje aka yi mini aikin, ciwon bai tafi ba. Ina zan dosa?

Ba sai ka koma inda aka yi aikin ba. Likitocin zuciya da na tiyatar ƙirji a Shika za su iya bin sawu, in ka kawo musu abin aiki: takardar sallama, bayanin tiyatar da aka yi, katin bawul mai nuna iri da girmansa, littafin INR, hotunan baya, da dukkan magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da na kemis da na gargajiya. In takardun ba da Turanci suke ba, a nemi asibitin can ya turo fassara ta waya.

Kafin ranar, yi mako 2 kana rubuta ciwon: wurin, irinsa, abin da ke tayar da shi, abin da ke kwantar da shi, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, da ko yana tashe ka daga barci. Likita zai taɓa ƙashin kana tari, ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ya gwada jin fata. Daga nan ECG, hoton ƙirji, eko da gwajin jini. Hoton CT in ana zargin ƙashi bai haɗe ba ko cuta ta kwanta a ciki. Ƙwannafi da gyambon ciki ma ana duba su, tunda aspirin na tayar da su kuma zafinsu a bayan ƙashin nan yake fitowa. In duk waɗannan sun fita lafiya, saura maganin jijiya, gashin ƙashi, allurar kashe zafi a daidai wurin da ke ciwo, ko cire waya, kuma akan gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ba kowanne makonni kafin a wuce zuwa na gaba.